Birinyar da Ba Ta Ajiye Ɗanta Ba

Ranar Asabar ta farko bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika tara, Baba ya kwashe mu daga unguwarmu ta Largo muka hau jirgin ƙasa zuwa gidan namun dajin da ke cikin Washington. Wata huɗu ke nan da kawo ni Amurka. Ina sanye da atamfar sallata da wani takalmi da ya matse mini ɗan yatsa, rana ta take, ni kuwa na cika na yi fam don an hana ni cire takalmin. Muna cikin tafiya sai na ga mutane sun tsaya cak sun ɗaga kai sama, har masu tura kekunan jarirai. Na ɗaga nawa. Can sama, a kan wasu igiyoyin ƙarfe biyu da aka ɗaure tsakanin dogayen hasumiyoyi, wata ƙatuwar birinya ce ja take tafiya, hannuwanta a igiyar sama, ƙafafunta a ta ƙasa, gashinta na reto kamar tsohon bargo. Ba ta sauri, ba ta kuma kallon kowa. A kwiɓinta akwai wani ɗan dunƙule, sai da ya motsa ya leƙo da kai na gane ɗanta ne, ya damƙe gashinta da hannu da ƙafa. Babu zani, babu majanyi, ƙasa kuwa kankare ne. Na ce a raina yau za mu ga mutuwa. Baba ya karanta allon da ke gefen hanya ya ce sunan irinsu orangutan, daga wasu tsibirai masu nisa aka samo kakanninsu.

Muka bi ta har ɗakin da ta sauka, inda gilashi mai kauri ya raba mu da ita. Ta zauna cikin ciyayi ta ciro ɗan daga jikinta, ta kwantar da shi a cinya, ta shiga duba shi yatsa-yatsa. Ta buɗe tafin hannunsa ta shinshina, ta tura leɓe ta tsotsi kansa, shi kuma ya kama mata leɓen yana ja, ko gezau ba ta yi ba. Wata tsohuwar Baturiya mai aikin sa-kai na yi wa mutane bayani, Baba na juya mini da Hausa, don Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba. Ta ce a dawa uwar ba ta ajiye ɗanta a shekarun farko, da shi take hawa bishiya, da shi take kwana a sheƙar da take haɗawa da rassa kowace yamma, kuma yakan sha nono har shekara bakwai ko takwas. Baba ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai sangarta ce." Ni ban yi dariya ba, don ni ba a bar ni na kai shekara biyu ba. Na waiga na dubi mahaifiyata, tana goye da ƙanena Sadik, ƙanwata Amira na rataye da gyalenta. Ban san abin da ya shige ni ba, na miƙa hannu na kama nata. Ta zare shi a hankali, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ke, je ki riƙe babanki, kar ki ɓata."

Bari in faɗi yadda muke da ita. Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Malumfashi ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko zazzaɓi yake yi. In an yabe shi ma sai ta kau da kai. Ni kuwa abin ya haɗu mini biyu, don sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, Zuwaira, sunan da matar ɗa ba ta isa ta furta ba. Da aka tashi yaye ni aka kai ni ɗakin kakar tawa, Iya, ban kuma sake komawa ba. Baba ya samu karatu ya taho Amurka, bayan shekara biyu mahaifiyata ta bi shi, aka bar ni inda kowa ya san nan ne wurina. Ko Umma ban taɓa ce mata ba. Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannen Baba suna faɗa, kuma har na yi wayo na ɗauka wata 'yar'uwa ce mai kirki da take aiko mini da takalma daga Turai.

Kar wani ya ɗauka na yi maraici a hannun Iya. Wallahi na sha gata har na lalace. Gidan babba ne, da soro biyu, da rumbuna a bayan ɗakuna, da bishiyar mangwaro a tsakar gida wadda Iya ta haramta wa kowa hawa sai ni. Da safe ni ke kwance awaki in watsa wa kaji tsaba, in ɗauki 'yar tsintsiyata in share inda aka riga aka share. Da damina mu bi ta gonar gyaɗa, ta zauna a gindin ɗorawa tana tsinkar rama, mu yara muna tonon ɗanyar gyaɗa muna ci har cikinmu ya ƙulle. Da yamma 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida, in an cinye ni in fasa ihu, Iya ta fito da muciya ta tarwatsa wasan, ta ce an cuci takwararta. A bayanta nake kwana, hannuna cikin rigarta, ina shaƙar ƙamshin man kaɗanya da goro. A wuni ɗaya takan kira ni sau ba adadi: "Takwara, zo sosa mini baya," "Zuwaira ƙarama, wa ya taɓa mini ke?" Ina shekara takwas ta rasu. Aka yi ta shawara a soro, daga ƙarshe aka ce a mai da yarinya wurin iyayenta, wani ƙanen Baba ya rako ni. A filin jirgi Baba ya ɗaga ni sama yana cewa "Mamana, Mamana," Yaya kuma ta tsaya baya kaɗan, ta karɓi jakata, ta tambayi ɗan rakiyata ya hanya.

Gidanmu na Largo irin gidajen nan ne da suke manne da juna a jere, ɗaki kan ɗaki, ba tsakar gida, sai ɗan fili a baya da bai isa shanya ba. Baba na aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, Yaya na zuwa gidajen tsofaffi tana yi musu wanka da ba su abinci. Ni aka bar wa wanke-wanke, da kwashe kaya daga injin wanki a ɗakin ƙasa, da fitar da shara bakin titi ranar da mota ke zuwa. Aikin bai dame ni ba, abin da kunnena ke ji ne ya dame ni. Amira da Sadik a nan aka haife su, Momi suke ce mata, su hau jikinta su ja mata kunne, ita kuma ta kira sunansu har da ƙari, "Amirata," "Sadiku na Momi." Ni kuwa "ke" ce. In ina nesa ta ce wa Amira, "Kira yayarki." A Malumfashi da ban ma lura ba, don duk 'yan farin unguwarmu haka ake yi musu, kuma kowa yana da kakar da zai faɗa jikinta. A nan ba kaka, ba goggo, ba maƙwabciya. Kullum da safe a wurin jiran bas ina kallon iyaye mata suna sumbatar 'ya'yansu a goshi, suna ɗaga musu hannu sai ka ce Makka za su, ni ina tsaye da jakata ina jin haushin kowa.

Tun daga Asabar ɗin nan na kamu da ciwon birai. Da su na koyi Turanci, ba ƙarya. Duk littafin da ke laburaren makaranta mai hoton jan biri sai da na aro shi, ina bin kalmomi da yatsa. Na san ubansu ba ya reno, yana can shi kaɗai cikin daji. Na san uwar ke koya wa ɗan waɗanne 'ya'yan itace ake ci, da yadda ake lanƙwasa rassa a yi wurin kwana, da yadda ake kare kai da ganye in ruwa ya sauko. Na kuma san abin da ya fi tsaya mini a rai: ana sare dajinsu ana shuka kwakwar manja, kuma masu kama 'ya'yan don sayarwa ba sa iya raba ɗa da uwarsa sai sun kashe ta, don ba ta saki da rai. Akwai hoton wasu marayu da aka tara a baro, sun rungume juna, wata mata na tura su zuwa daji ta koya musu hawan bishiya. Hoton nan na kalle shi har shafin ya yi laushi. Na riƙa naci a kai mu gidan namun daji, Baba yakan kai mu in ya samu hutu. Sauran yara su ruga wurin giwa da zaki, ni in manne da gilashin nan har numfashina ya dushe shi. Amira ta sa mini suna 'Yar Birai, na make ta, aka yi mini faɗa.

Akwai abu ɗaya da ban ɗauka a bakin komai ba. Kowace Lahadi bayan azahar Yaya takan shimfiɗa tabarma a falo, ta zauna a kujera ta ce, "Ke, kawo mataji." In zauna tsakanin gwiwoyinta ta tsefe mini kai, ta shafa mai, ta tsaga da tsinke ta yi mini kitso, ƙanana-ƙanana masu cin sa'a biyu. Gashina mai tauri ne, ga ni da raki. Ba ta magana, in na motsa ta matse ni da gwiwa, in ta gama gefe ɗaya ta kwantar da kumatuna a cinyarta ta kama ɗayan. Wani lokaci barci ya ɗauke ni a haka, in farka in tarar an gama tuni, tana zaune ba ta motsa ba, hannunta a kan wuyana, ta kashe sautin talabijin. Amira kuwa kalaba biyu ake yi mata a tashe ta. Ni da wautata na ɗauka don ta fi son Amira ne ba ta wahalar da ita.

A aji huɗu malamarmu ta ce kowa ya zaɓi dabba ya rubuta yadda take renon 'ya'yanta. Ai kuwa an zo wurina. Na cika shafi uku, na zana birinyar da jan fensir, na zube duk abin da na haddace. Da na zo ƙarshe sai hannuna ya ƙi tsayawa. Na rubuta cewa ni uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta rungume ni, ko taɓa ni ba ta yi, ta bayar da ni tun ina goye, kuma da za a tambaye ni da na zaɓi a haife ni biri. Ban rubuta don a hukunta kowa ba. Ina jin so nake wani ya karanta ya ce Allah sarki, shi ke nan. Malamar mutuniyar kirki ce, ta tsayar da ni bayan an tashi, idonta ya yi ja, ta tambaye ni ko ana dukana, ko ana ba ni abinci. Na ce ana ba ni, ba a dukana. Ta rungume ni, na ji daɗi ƙwarai. Bayan kwana biyu aka aiko da takarda gida, ana son ganin iyayena su biyun.

Kafin ranar gidanmu ya yi tsit. Yaya ta sha jin labari a bakin matan da suke haɗuwa a garin Upper Marlboro wurin suna da walima, cewa a ƙasar nan hukuma na iya ƙwace wa mutum 'ya'ya in yaro ya kai ƙara. Ko gaskiya ne ko ƙari, ita dai ta yarda, ta daina cin abinci, na gan ta tana ninke kayan Sadik tana sake warwarewa. Ranar da za mu je ta ɗauki hutun aiki ta yafa babban mayafinta. Aka zaunar da mu a wani ƙaramin ofis, ga malamar, ga wata jami'a mai ba ɗalibai shawara, ga takardata a kan tebur da jan birin a sama. Jami'ar ta karanta ƙarshen a fili. Baba ya yi ta bayani, ya ce al'ada ce, kunya ce, ba ƙiyayya ba; Turancinsa mai kyau ne amma na ga maganar ba ta shiga. Matar ta saurara da ladabi, sannan ta juya ga Yaya ta ce ta gane, amma yarinya na bukatar ji daga bakin uwarta, ga ta nan, ta kira sunanta ta gaya mata tana son ta. Yaya ta ja mayafi ta rufe bakinta. Sunan uwar mijinta ne, wadda ba ta cika shekara biyu da rasuwa ba, ga ɗan marigayiyar a zaune, ga baƙi. Ni kuma ina jira da dukan zuciyata, ina cewa a raina, faɗi mana, don Allah faɗi. Da ƙyar ta ce da Turanci, idonta a kan takalminta, za ta gyara.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Ina baya, ina kallon ƙeyarta. Sai ta ce wa Baba, ba ni ba, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ka gaya mata, ranar da aka kai ta yaye kwana uku ban sa komai a bakina ba. Ɗakin Iya yana kallon nawa, ina jin kukanta, ban isa in leƙa ba, ban isa a ga hawayena ba." Tunda nake ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a kaina ba. Da ina da hankali da na yi shiru, ko in dafa kafaɗarta. Amma ni rainon Iya ce, an saba mini da cin wasa ko ban ci ba, kuma raina na tafasa don ta ƙi faɗin abin da na jira a ofis. Na buɗe baki na ce, da Hausa tsantsa yadda ba za ta kasa ji ba, "Ita birinyar ai da ba ta bayar ba. Sai dai a kashe ta." Baba ya daka mini tsawar da bai taɓa yi ba, har motar ta karkace. Yaya ba ta waigo ba. Ta sa hannu ta gyara mayafinta, muka ƙarasa gida.

Ta cika alkawarin da ta yi wa makaranta. Washegari ta raka ni wurin jiran bas, da bas ɗin ya tsaya ta sunkuyo ta zagaye ni da hannuwa, jikinta a sandare, ta ce "Zuwaira, bai-bai" da wata murya da ba tata ba, tana kallon direba ta tabbata ya gani. Sunan ya fito daga bakinta kamar ta tauna tsakuwa. Haka ta yi kullum, da sanyi da zafi, ba fashi. Abin da na yi ta roƙo ke nan, an ba ni, kuma wallahi na tsane shi. Lahadin farko na ɗauko mataji na tsaya a falo, ba tabarma. Ta ce wa Amira, "Ce wa yayarki ta sa takalmi." Aka kai ni garin Laurel wurin wata mai kitso 'yar Nijar, mai sauƙin hannu da yawan surutu, ta gama mini nan da nan tana waya. Yaya ta zauna a bakin ƙofa da jakarta a cinya. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Da hannuna na rubuta cewa ko taɓa ni ba ta yi, aka karanta mata a gaban mijinta, daga nan ba ta sake yi mini kitso ba.

Shekara uku muka yi a haka, har na ce mata na girma, ba sai ta raka ni ba. Ta ce "To," na ga kafaɗunta sun sauka. Ina gab da gama sakandare na sake leƙa biraina, na tarar ɗan ya zama saurayi. Uwar na zaune da wani ƙyalle a ka tana cin ganye, ya matso zai ɗiba ta ture shi da bayan hannu. Mai bayani ta ce a dawa ma haka ne, in ya kai shekarun nan uwar takan fara korarsa. Ta ƙara da cewa macen da ta tashi a hannun mutane ba uwa, wani lokaci in ta haihu ba ta sanin yadda za ta riƙe ɗan, sai masu kula da ita sun koya mata da 'yar tsana. Duk wannan yana cikin littattafaina, ni ce na riƙa tsallake shafin. A jirgin ƙasa, ina komawa gida, na tuna abin da na sani tuntuni ban taɓa tsayawa a kai ba, cewa Yaya ita ma 'yar fari ce, ita ma a ɗakin kakarta ta tashi. Na shiga gida da niyyar roƙon gafara, na same ta a kicin tana yanka albasa. Na tsaya, na tsaya, na ce, "Sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa." Na hau sama na rufe ƙofa.

Na yi aure muka zauna a Laurel, na haifi 'yata ta fari, Nabila. Yaya ta tattaro kayanta ta zo yi mini wankan jego. Ta ce ruwan famfo ruwan wasa ne, sai ta tafasa nata a manyan tukwane ta riƙa jida zuwa banɗaki, da yatsun nan nata da suka ƙage saboda shekarun ɗaga tsofaffi. Safiyar farko na zauna a kan 'yar kujera, ta tsoma tawul ta danna mini baya da ciki. Kusan shekara ashirin rabon da in ji hannunta a jikina da gaske. Dukanmu bango muke kallo. Hawaye ya zubo mini na ce ruwan ne da zafi, ta ce haka ake yi. A mako na biyu uwar mijina ta bugo waya daga gida, aka sa a fili kowa na ji. Bayan an gaisa ta ce, cikin dariyar da ba wasa ba ce, in an yaye yarinya a kawo mata ita, 'yar fari ta kaka ce, mu ji da ayyukanmu. Mijina ya ce, "To Hajiya, Allah ya kai mu." Na ƙanƙame Nabila a ƙirjina.

Da aka kashe wayar Yaya ta miƙa hannu ta karɓi Nabila daga wurina, ta ɗora ta a cinya, ta shiga yi mata magana irin ta kaka da jika. Ta ce, "Ke mummuna, kin ji ana rabonki tun ba ki yi arba'in ba. To ba inda za ki. Ki gaya wa uwarki ta riƙe ki da hannu da ƙafa." Ta gyara mata hula, sannan ta ce, "Ki kuma gaya mata maganar da ta faɗa a mota gaskiya ce. Ni ce ban iya ba." Mijina ya sulale ya fita. Ashe duk shekarun nan maganar na nan a ranta, kalma-kalma. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, in ce ki yafe mini, amma ta riga ta miƙe, ta miƙo mini yarinyar ta ce kunu zai huce. Washegari ita da kanta ta kira uwar mijina ta rufe ƙofa. Ban san abin da suka ce ba, ba a dai sake tayar da zancen ba har yau.

Yaya ba ta ga yayen Nabila ba. Ciwon kwana tara ne ya tafi da ita, kuma lokacin da na samu bakin cewa ta yafe mini ta riga ta daina ji. Yanzu Nabila na da shekara shida, a jikina take wuni, ina kiran sunanta har maƙwabta sun haddace, ba kuma wanda ya kira ni wani ofis. Matan da muka tashi tare duk haka suke, 'yan farinsu na rataye a wuyansu a gaban kowa, su ce musu Momi, a yi dariya. Ba na cewa a dawo da waccan kunyar, Allah ya kiyaye, na ga abin da ta ci mana ni da ita. Amma wani lokaci ina cikin hayaniyar gidana sai in ji ina kewar matar nan da ba ta taɓa gaya mini komai kai tsaye ba, sai ta bakin Baba, ta bakin Amira, ta bakin jaririya. Yanzu ni ce da saƙo, ba kuma wanda zan aika.